Ya iya canji a kasuwa, ya kasa lissafi a aji

A birnin Recife da ke arewa maso gabashin Burazil, wasu masana uku, Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann, sun riƙa tsayawa wurin yara masu sayar da kwakwa da kayan marmari a bakin titi, suna ciniki kamar kowane mai saye. Yaran su biyar ne, 'yan shekara 9 zuwa 15, kuma sakamakon binciken ya fito a 1985. An tambayi wani ɗan shekara 12 kuɗin kwakwa huɗu, kowace ɗaya 35. Bai nemi biro ba. Ya riga ya san uku 105 ne, ya ɗora 30 ya sami 135, ya cika biyar ɗin da ta rage, ya ce 140. Daga baya aka ba shi takarda an rubuta 35 sau 4. Ya bi ƙa'idar makaranta, huɗu sau biyar ashirin, ya rubuta sifili ya ajiye biyu, amma sai ya haɗa biyun da ukun tun kafin ya ninka, ya fito da 200. Bai ji a jikinsa cewa wani abu ya ɓaci ba, alhali da a bakin titi ne ba zai taɓa cewa kwakwa huɗu 200 ba. Gaba ɗaya yaran sun ci kashi 98 cikin ɗari na lissafin da aka yi musu a wurin ciniki, suka ci kusan kashi 74 da aka mayar da shi tambaya cikin labari, suka faɗo kashi 37 da aka ba su tsurar lambobi a takarda.

Duk malamin firamare a Kano ko Maraɗi ya san irin wannan yaron. Yarinya ce mai tallar gyaɗa ko awara, a ba ta naira dubu ta cire kuɗin ƙulli bakwai ta mayar da canji ba ta yi kuskure ba, amma a rubuta mata ɗebewa a allo ta tsaya tana kallon alli. Sau da yawa hukuncin da ake yankewa shi ne ba ta da kai. Kai kuwa tana da shi. Lissafinta a cikin hulɗa ya tsiro, tsakaninta da mai saye da uwar da za ta ƙirga ciniki da yamma, kuma a nan yake zaune har yanzu. Ba wanda ya kama hannunta ya ƙetarar da shi zuwa takarda.

Masana biyu da aka haifa a shekara ɗaya, 1896, su suka fi tasiri kan wannan batu, wato yadda tunanin yaro ke bunƙasa. Jean Piaget ɗan ƙasar Suwizalan ya ga yaro kamar mai bincike ne shi kaɗai, yana taɓa abubuwa yana jefarwa yana gano dokokin duniya mataki bayan mataki. Lev Vygotsky na Tarayyar Sobiyet, wanda tarin fuka ya kashe a 1934 yana ɗan shekara 37, ya ce an bar rabin labarin a baya. A ganinsa kowace baiwa ta tunani sau biyu take bayyana a rayuwar yaro: da farko tsakanin mutum biyu, sannan ta koma cikin kansa. Misalin da ya bayar nuni ne da yatsa. Jariri ya miƙa hannu zai ɗauki abin da ya fi ƙarfin hannunsa, ya kasa, hannun ya tsaya a iska. Uwa ta gani ta miƙo masa. Bayan an maimaita haka sau da dama, miƙa hannun ya daina zama yunƙurin ɗauka, ya zama saƙo zuwa ga mutum. Ma'anar daga wajen uwa ta zo.

Haka abin yake ga maganar da yaro ke yi shi kaɗai. Tsakanin shekara uku zuwa bakwai za a ji yaro yana tuwon ƙasa ko yana haɗa motar kara yana surutu: "a'a, ba nan ba, wannan tukuna." Piaget ya fara ɗaukar wannan a matsayin alamar yarinta da za ta wuce. Vygotsky ya nuna cewa surutun yana ƙaruwa daidai lokacin da aiki ya yi wuya, domin umarnin da manya suka saba ba shi ne yaron ya ara yana ba kansa. Daga baya sai ya zama raɗa, sannan ya nutse ya zama tunanin zuci. Wanda ya tsawata wa yaro ɗan shekara biyar don yana magana shi kaɗai a kan aikinsa, kayan aiki ya ƙwace masa.

Daga nan ne Vygotsky ya fito da ma'aunin da malamai suka fi saninsa da shi. A ɗauki yara biyu da jarrabawa ta nuna suna matakin ɗan shekara takwas. A ba kowannensu ɗan taimako, a fara masa aikin ko a yi masa tambayar da za ta haska hanya. Ɗaya ya kai ga warware na 'yan shekara goma sha biyu, ɗayan ya tsaya a na 'yan tara. Jarrabawa ta ce daidai suke, amma ba daidai suke ba. Tazarar da ke tsakanin abin da yaro ke iyawa shi kaɗai da abin da yake iyawa in an kama masa, a nan koyo ke faruwa. Ƙasa da ita maimaici ne da gundura, sama da ita kuma ruɗewa ce da kuka.

Yaya ake kamawar? A 1976 David Wood da Jerome Bruner da Gail Ross suka sa yara 'yan shekara uku da huɗu da biyar gina dala da gutsattsarin katako 21, suka zuba ido kan abin da mai koyarwa ke yi. Suka kamanta shi da katakan da magina ke kafawa jikin gini su taka, waɗanda ake cirewa in gini ya tsaya. Wani binciken da Wood ya yi da iyaye mata ya jera taimakon hawa biyar, daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi. A ɗauki yarinya mai koyon ɗaure icce ko jera kwanuka bisa girma. Hawa na farko ƙarfafa guiwa ne kawai: "to, ci gaba." Na biyu umarni da baki: "nemo wanda ya fi girma." Na uku nuni da hannu ga wanda ake nufi. Na huɗu a ɗauko a ajiye mata a gabanta daidai yadda zai shiga. Na biyar a yi tana gani. Iyayen da yaransu suka fi iya aikin su kaɗai daga baya ba waɗanda suka fi yawan taimako ba ne, ba kuma waɗanda suka fi ƙyalewa ba. Waɗanda suka bi ƙa'ida ɗaya ne: in ta kasa, a ƙara taimako hawa ɗaya, in ta iya, a rage hawa ɗaya.

Kurakuran da ake yi duk daga karya wannan ƙa'ida suke. Akwai mai gaggawa, wanda yaro na fara tuntuɓe sai ya ce "kawo nan" ya yi da kansa, wato daga hawa na farko ya yi tsalle zuwa na biyar, kuma yaron ya koyi cewa in ka ɗan jinkirta za a yi maka. Akwai mai maimaita umarni ɗaya da ƙara ɗaga murya, alhali yaron ya ji, fahimta ce bai yi ba, abin da yake bukata nuni ne. Akwai kuma wanda ba ya cire katakan, yaro ya iya tun tuni amma ana tsaye a kansa. Sai rashin jira. Mary Budd Rowe ta auna azuzuwa a Amurka ta tarar malamai ba sa wuce kimanin daƙiƙa ɗaya suna jiran amsa kafin su sake tambaya ko su wuce ga wani ɗalibi. Da aka horar da su su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara ɗaga hannu. Bulala kuwa tana da lahani na musamman a nan, domin kamawa ba ta yiwuwa sai babba ya ga inda yaro ya karkace, shi kuma yaron da ke tsoron duka ɓoye kuskurensa yake yi, idonsa na kan hannun malam maimakon kan aikin.

Sana'o'in hannu sun san wannan tsari tun kafin a rubuta shi. Jean Lave ta zauna da teloli a Monrobiya ta ƙasar Laberiya a shekarun 1970, ta ga ana koyar da ɗinki daga ƙarshe zuwa farko. Yaron shago yana farawa da guga da saka maɓalli da kalmasa, inda kuskure ba ya jawo asara kuma yana riƙe da kammalalliyar riga yana ganin siffarta. Sannan ya hau keke ya haɗa abin da aka yanka, a nan yake gane dalilin da ya sa aka yanka kowane ƙyalle haka. Almakashi shi ne na ƙarshe. Duk wanda ya leƙa shagon tela a ƙasar Hausa zai ga kusan wannan jeri. Makarantar allo ma haka take: malam ya rubuta, ya biya, yaro ya maimaita, daga babbaƙu zuwa farfaru, ba a wanke allo sai karatu ya zauna, har ranar da ɗalibi zai riƙe alƙalami ya rubuta nasa, wata rana kuma shi ke biya wa na ƙasa da shi.

Hulɗa ke nan. Al'ada kuma ita ke zaɓar abin da za a yi hulɗar a kansa, da kayan aikin da za a riƙe. Robert Serpell ya ba yaran Zambiya da na Ingila siffofi su kwaikwaya ta hanyoyi daban-daban. Da fensir da takarda 'yan Ingila suka fi. Da waya 'yan Zambiya suka fi, domin sun saba lanƙwasa ta su yi motoci, kamar yadda yaranmu ke yi da waya da karan dawa da gwangwani. Da yumɓu, wanda duka ɓangarorin suka sani, aka yi kunnen doki. Da takarda kaɗai aka yi gwajin, da an rubuta cewa yaran Afirka ba sa gane siffa. A Meziko an tarar 'ya'yan maginan tukwane sun riga sa'o'insu gane cewa curin yumɓu ba ya ƙaruwa ko raguwa don an mulmula shi ya yi tsawo. A wajen al'ummar Kpelle ta Laberiya, Joseph Glick ya ba manoma kayayyaki su kasa su gida-gida, yana sa ran abinci gefe guda, kayan aiki gefe guda. Sai suka haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, suka ce haka mai hankali zai yi, tunda wuƙa ke yanka lemo. Da ya tambaye su yadda wawa zai kasa, suka jera masa daidai yadda yake nema tun farko.

Ko kalmar basira kanta ba ma'ana ɗaya take da ita ko'ina ba. Serpell ya tarar 'yan ƙabilar Chewa na gabashin Zambiya suna haɗa kaifin ƙwaƙwalwa da riƙon amana in suna maganar yaro mai basira, wato wanda za a aika ya je ya dawo da abin da aka ce. Hausa ma ta raba wayo da hankali. Yaro yana yin wayo da wuri, amma ba a cewa ya yi hankali sai ya san abin da ya dace, ya san babba, ya iya riƙe kansa. Kuma abin da al'umma ta ɗauka da daraja shi take horarwa a kai, har ya bayyana a gwaji. Bettina Lamm da Heidi Keller da abokan aikinsu sun ajiye wa yara 'yan shekara huɗu abin kwaɗayi, aka ce wanda ya jira minti goma bai ci ba zai sami biyu. Cikin 'ya'yan manoman Nso na arewa maso yammacin Kamaru, waɗanda aka ajiye wa fanke, kusan kashi 70 suka jira. Cikin yaran Jamus waɗanda suka jira ba su kai kashi 30 ba.

Akwai wani binciken da ya kamata duk mai magana kan karatun allo da na boko ya sani. Al'ummar Vai ta Laberiya tana da rubutu iri uku: nasu na gargajiya da ake koya a gida, Larabci na makarantar Alƙur'ani, da Turanci na boko. Sylvia Scribner da Michael Cole suka gwada mutane fiye da dubu, suka fitar da sakamako a 1981. Ba su sami wani rubutu da ya ɗaga tunani gaba ɗaya ba. Kowane iri ya kaifafa abin da ake yi da shi. Masu karatun Alƙur'ani sun yi fice wajen riƙe jerin kalmomi in ana ƙara su ɗaya bayan ɗaya bisa tsari, yadda ake ƙarin karatu. Masu rubutun Vai sun yi fice wajen haɗa gaɓoɓin sauti su ta da ma'ana. 'Yan boko sun yi fice wajen bayyana dalilin amsarsu da baki, domin "me ya sa ka ce haka" tambayar aji ce. Wannan ya rushe zance biyu da ake yawan ji: cewa hadda ba ta gina komai, da cewa wanda ya yi hadda komai zai zo masa da sauƙi. Hadda tana gina natsuwa da riƙo mai ƙarfi, kuma wannan jari ne babba, amma ba ya juyewa da kansa ya zama iya warware lissafi ko rubuta hujja, sai an koyar da waɗannan a karan kansu.

Ta fuskar hanyar koyo ma al'adu sun bambanta. Barbara Rogoff da Maricela Correa-Chávez sun sa ana koya wa yaro haɗa abin wasa, ɗan'uwansa na zaune a gefe ba a ce masa ya kalla ba. Yaran Maya na Gwatamala da suka tashi a gidajen gargajiya sun shafe kusan ninki biyu na lokacin da yaran Amurka masu matsakaicin hali suka shafe suna sa ido, kuma da aka ba su aikin bayan kwanaki ba su bukaci taimako da yawa ba. Inda yara ke cikin aikin manya, ido yana kaifi. Yarinyar da ta iya tuƙin tuwo ba lacca aka yi mata ba. Sai dai gani yana da iyaka. Yana koyar da abin da hannu ke yi, ba ya koyar da abin da ke ɓoye, kamar dalilin ajiye biyu a lissafi ko dalilin tafasa ruwa. Wannan sai da baki, sai da tambaya. A nan ne tarbiyyarmu ke da rauni a ganina: muna cewa matambayi ba ya ɓata, amma yaro mai yawan tambaya a gaban manya surutu ake kiran abin nasa. Ladabi da tambaya ba kishiyoyi ba ne, kuma gidan da ya ware wa yaro lokaci da mutumin da zai tambaya ba tare da fargaba ba bai rasa komai na kunya ba.

Gidan gandu ya tanadi wannan mutumin. Uwa na iya jin kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban jama'a, amma ga kaka da ke tsokanarsa tana ce masa mijinta, ga goggo, ga yayye, ga tatsuniya da dare inda sai an amsa "ta zo mu ji ta" kafin labari ya tashi, ga kacici-kacici da ke tilasta wa yaro ya juya magana a kansa. Matsalar tana tasowa in ma'aurata suka koma gidan haya a birni su kaɗai. Kunya ta biyo su, kaka ba ta biyo ba, sai waya ta cike gurbin. Waya kuwa ba ta amsawa. Patricia Kuhl ta kawo jarirai 'yan wata tara daga gidajen masu Turanci a Amurka, aka yi musu zama 12 da masu jin Sinanci suna wasa da su. Suka koyi bambance sautukan Sinanci. Waɗanda aka nuna wa mutanen nan a bidiyo, da waɗanda aka kunna wa murya kawai, ba su koyi komai ba. Wani bincike na 2018 a kan yara 36 'yan shekara huɗu zuwa shida ya nuna cewa yawan musayar magana, ka faɗa ya mayar, ya fi yawan kalmomin da yaro ya ji alaƙa da ƙarfin harshensa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Girman abin yana fitowa sosai inda aka rasa hulɗar. A gidajen marayu na Romaniya bayan faɗuwar shugaban ƙasar, Ceaușescu, a 1989, yara na samun abinci da gado amma ba mai ɗauka, ba mai amsa kukansu. Cikin yara 136 da aka bi a Bukares, babban birnin ƙasar, an mayar da rabi hannun iyalai masu riƙo. Waɗannan sun fi waɗanda suka zauna a gidan marayu a gwajin fahimta, kuma waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu su suka fi farfaɗowa. A Kingston ta Jamaika kuma, a tsakiyar shekarun 1980, Sally Grantham-McGregor ta ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar da su. Wasu an ba su madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya na zuwa gidansu awa ɗaya a mako har shekara biyu tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin, waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kimanin kashi 25. Abinci wajibi ne, ba mai musu, amma a wannan binciken tasirin wasa da hira ne ya daɗe.

Mu koma ga mai tallar gyaɗa. Malamin da ke son ƙetarar da ita zai fara daga inda take tsaye, da harshen da take tunani da shi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare ana koya musu Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin, kuma sun fi su a wasu darussa. To sai a tambaye ta da Hausa, da kuɗi a hannu: ƙulli bakwai a naira hamsin-hamsin, an ba ki dubu. In ta ce canji 650, kada a wuce, a ce ta faɗi yadda ta yi. Wataƙila ta ce biyu ɗari, shida ɗari uku, da ɗaya 350, sannan ta ƙirga sama, hamsin ya cika ɗari huɗu, saura ɗari shida. A rubuta matakan nata a allo kamar yadda ta faɗa, ta ga tunaninta da lambobi. Bayan haka a ajiye hanyar makaranta kusa da tata, a nuna mata inda suka haɗu. A mako na gaba a cire kuɗin a bar labarin, a na bayansa a cire labarin a bar lambobin. Kuma kafin ta taɓa kowane lissafi a takarda, a saba mata da tambaya ɗaya: a kasuwa, wajen nawa zai kama? Yaron Recife da an yi masa wannan tambayar, da ya ga 200 ya san ba kuɗin kwakwa huɗu ba ne, ya koma ya nemi inda biyun nan ta shiga ba a lokacinta ba.